Tun rasuwar mamana bana jin komai a coci, shin Ubangiji ya bar ni ne?

Saƙon wannan satin daga wata 'yarmu ne a nan Kumasi, tela ce, shagonta na wajen Aboabo. Ta roƙi kar na faɗi sunanta ko na cocinsu, kuma ba zan faɗa ba. Ga abin da ta rubuto, na ɗan taƙaita shi:

"Mama ina wuni. Dan Allah ki taimake ni da shawara dan na rasa wanda zan faɗa wa. Shekarata 28, ina cikin kwaya, wato ƙungiyar mawaƙan coci, tun ina 'yar 15. Da can in aka ɗauki waƙa hawaye zuba suke yi, tsigar jikina ta tashi, ina ji a jikina Ubangiji na nan kusa. Wata takwas ke nan mamana ta rasu bayan na yi jinyarta wata biyar. Ranar da za mu kai gawa gida Bolga can arewacin Ghana wani dattijon cocinmu ya riƙe hannuna ya ce kar na kuskura na yi kuka, ni ce babba, kuma mai bi ba ya kuka kamar marasa bege, mama na wurin Yesu. Na daure, ko ɗigo ban yi ba, har mutane suna yaba min. To Mama tun daga ranar bana jin komai. Ina tsayawa a gaba ina rera waƙa baki kawai ke motsi, cikina fayau kamar kwalbar da aka juye. Na hau dutsen Atwea inda masu bi ke zuwa addu'a, na yi azumin kwana uku ba ci ba sha, na sauko yadda na hau. Wata ƙawata ta ce ƙila saɓon Ruhu Mai Tsarki na yi ya fita daga gare ni. Na daina cin jibin Ubangiji dan ina ganin munafunci ne. Barci ma ƙarfe uku nake farkawa, na rame, ɗinkin mutane ya taru ban iya taɓa shi. Shin Allah ya bar ni ne?"

'Yata, sannu. Sannu da jinya, sannu da rashi, Ubangiji ya ta'azantar da ke da ƙannenki. Da gangan na fara da gaisuwar nan, dan daga karanta saƙonki na lura mutane sun yaba miki dauriya amma ban ga inda wani ya zauna kusa da ke ya ce miki sannu ba.

Amsar tambayarki ita ce a'a, bai bar ki ba. Zan faɗa miki dalilin da ya sa na faɗa da ƙarfi haka, amma bari mu koma ranar tafiya Bolga tukuna dan ina ganin a can igiyar ta ƙulle.

Dattijon nan nasan da kyakkyawar niyya ya yi maganar, ƙila shi ma haka aka yi masa ranar da ya binne nasa, amma ya yi kuskure kuma kuskuren ya cuce ki. Ayar da ya ɗauko tana cikin 1 Tasalonikawa 4:13, ki buɗe ki karanta da idonki. Manzo Bulus bai ce kar ku yi baƙin ciki ba, ya ce kar baƙin cikinku ya zama irin na waɗanda ba su da bege. Kinga ai akwai baƙin ciki na masu bege ke nan, shi ma da hawayensa da majinarsa, bambancin kawai shi ne mai yin sa ya san kabari ba shi ne ƙarshen zance ba. Shi kansa Bulus ɗin da ya rubuta ayar, da abokin aikinsa Abafaroditus ya kwanta ciwo har ya kusa mutuwa, ya faɗa wa Filibiyawa cewa Allah ya ji tausayinsa ne da ya tashe shi, da ba haka ba da baƙin ciki ya hau masa kan baƙin ciki. Mutumin da ya fi kowa wa'azin tashin matattu ke nan fa. Da aka jejjefe Istifanus, Ayyukan Manzanni 8:2 ta ce masu tsoron Allah ne suka binne shi kuma suka yi masa makoki mai yawa, ba a ce raunana ba, masu tsoron Allah. Isra'ilawa kwana 30 suka yi suna kukan Musa. Yusufu ya faɗa kan fuskar ubansa Yakubu yana kuka yana sumbatarsa, alhali shi ne na biyu a duk ƙasar Masar.

Amma duk wannan gefe guda, ki zo mu tsaya a bakin kabarin Li'azaru, Yohanna sura 11, dan ni duk lokacin da aka zo min da zancen mai bi ba ya kuka nan nake kai mutum. Yesu ya iso Betanya gawa ta kwana huɗu. Tun yana hanya ya riga ya faɗa wa almajiransa cewa zai je ya tashe shi, ya faɗa wa Marta ɗan'uwanki zai tashi, wato ba wai yana shakka ba ne, ya san nan da ɗan lokaci kaɗan mutumin nan zai fito da ƙafarsa a naɗe da likkafani. To sai ga Maryamu ta fito ta zube a ƙafafunsa tana kuka tana cewa Ubangiji da kana nan da ɗan'uwana bai mutu ba, maganar da in kin duba akwai ƙorafi a cikinta, kamar tana ce masa ina ka tsaya? Me ya yi mata? Bai ce mata tashi ki share hawayenki ina bangaskiyarki ba. Bai ce ke ce babba ko ke ce ƙarama ba. Littafi ya ce ransa ya ɓaci ƙwarai, ya tambayi inda aka sa shi, sannan aya ta 35, 'yar gajeruwa, Yesu ya yi kuka. A gaban jama'a, har Yahudawan da ke wajen suka ce dubi yadda yake ƙaunarsa. Su da ba almajiransa ba sun fahimci hawayen nan ƙauna ce. In da kuka a kan gawa rashin bangaskiya ne to da Yesu ne farkon wanda za a tuhuma, kuma shi ya san tashin zai zo a ranar, ke kuwa an ce ki jira har ranar ƙarshe kafin ki sake ganin fuskar mamanki. Ya za a yi a ce ki fi Ubangijinki dauriya?

Nasan daga ina abin yake zuwa mana. Mu da muka tashi a zango, unguwannin masu jin Hausa na nan Ghana, da haƙuri aka raine mu, da kunya, da cewa babba juji ne. Muna kallon maƙwabtanmu Tonawa, wato Ashanti, ranar Asabar wajen jana'iza sun sha jan zani da baƙi suna kuka da murya suna kiran sunan mamaci a kan titi, wasunmu har su ce wannan ya yi yawa. Haƙuri abu ne mai kyau, ni ma da shi na rayu, sai dai haƙurin da Littafi Mai Tsarki ke koyarwa shi ne kar ki saki Allah a cikin zafi, bai ce kar ki ji zafin ba.

Yanzu ga abin da nake ganin ya same ki. Kin taɓa zuwa cire haƙori? Allurar da suke yi a dasashi ba ta zaɓe, in ta kashe zafin to ta kashe har da ɗanɗano, ki sa suga a wajen ba za ki ji zaƙi ba, ki ciji leɓenki ba za ki sani ba. Ranar nan a cikin mota, ga akwatin mamanki, ga ƙannenki suna kallon fuskarki, ga hanya doguwa ta Techiman da Kintampo da Tamale, kin yi wa zuciyarki irin wannan allurar dan ki iya kaiwa Bolga ba ki zube ba. Ta yi aiki. Amma zuciya guda ɗaya ce Allah ya ba ki, wadda take kukan mama ita ce dai take narkewa in an ɗauki waƙa a coci, ba za ki kulle ɗaya ki bar ɗaya a buɗe ba. Ƙari a kan haka wata biyar kina jinya, ba barcin kirki, kina tsakanin asibiti da shago da kuɗin magani. Jiki magayi ne 'yata. Wannan shirun da kike ji a cikinki ni ban ga tafiyar Ruhu a cikinsa ba, gajiya na gani da kukan da aka hana shi fita.

Akwai wani mutumin Afirka da ya yi irin naki sak, Agustin, wanda ya zama bishop na Hippo a ƙasar da yanzu ake kira Aljeriya, yana cikin manyan malaman ikilisiya na dā. Mahaifiyarsa Monika ta shekara da shekaru tana masa addu'a da hawaye kafin ya tuba, kuma bai daɗe da yin baftisma ba ta rasu a Ostiya kusa da Roma, a shekara ta 387. Shi da kansa ya ba da labari cewa shi ya rufe mata ido, hawaye suka taso ya danne su da ƙarfi, ɗansa ya fashe da kuka suka tsawatar masa ya yi shiru, dan a ganinsu bai dace a yi wa mai bi irinta kuka ba. Aka je aka binne ta bai zubar da ko ɗigo ba, mutane suna ganin kamar abin bai dame shi ba alhali ciki na cinsa. Har gidan wanka ya je ko zai ji sauƙi, bai ji ba. Sai da ya yi barci ya farka shi kaɗai a kan gado ya tuna ta, sannan ya saki hawayen a gaban Allah, kuma ya ce a nan zuciyarsa ta samu wurin kwanciya. Ya ƙara da cewa duk wanda ya ga laifinsa dan ya yi wa uwarsa kuka na ɗan lokaci, uwar da ta yi shekaru tana masa kuka, to kar ya yi masa dariya. Fiye da shekara 1,600 ke nan, kinga ciwon ba a kanki aka fara ba.

Ni ma bari na buɗe miki nawa. Maigidana direba ne, a hanyar arewa hatsari ya ɗauke shi, ya bar ni da yara huɗu. Ni ba wanda ya hana ni kuka, ni na hana kaina, dan ina shugabar zumuntar mata a lokacin kuma ni ce mai zuwa gidajen mutane ina ba su haƙuri, sai na ga kamar in na karye a gabansu duk abin da na taɓa faɗa musu ya zama ƙarya. Na fi shekara ina zuwa sujada ina dawowa kamar wadda ta je kasuwa ta dawo da kwando ba komai, in na durƙusa addu'a sai lissafin kuɗin makaranta ya cika min kai. Wata rana da hantsi na ce bari na fitar da kayansa na ba ƙaninsa, na ɗauko batakarinsa mai ratsin baƙi da fari, na sa hannu a aljihu sai na ji takarda. Bayan tikitin mota ne, ya rubuta sunayen yaran nan huɗu da biro, kowa da lambar takalminsa a gaba, na autan ya soke ya sake rubutawa dan ƙafar ta ƙaru. Ashe takalman Kirsimeti zai sayo musu. 'Yata, ban san lokacin da na zauna a ƙasa ba. Muryar da ta fito daga bakina ni kaina ban taɓa jin ta ba. Wata tsohuwa maƙwabciyarmu, Musulma ce, ɗakinta na kallon nawa, ta ɗaga labule ta shigo ta zauna a bakin gado, ba ta yi min wa'azi ba, ba ta ce yi haƙuri ba, abin da kawai ta ce shi ne yi abinki, yi abinki. Da na lafa ta fita ta dawo da koko mai zafi a kofi ta tsaya a kaina sai da na shanye. Ba zan ce miki washegari na shiga coci na ji wuta ta sauko ba, bai faru haka ba. Watanni aka ɗauka, kuma da jin ya dawo bai dawo da irin ƙarfin da na sani ina budurwa ba, ya dawo a hankali, ya fi na da nauyi da natsuwa. Amma daga ranar batakarin nan ne ƙasa ta fara jiƙa.

Sai maganar ƙawarki. Wannan ba zan daɗe a kanta ba dan ba ta da tushe. Inda Yesu ya yi zancen saɓon Ruhu Mai Tsarki, Markus sura 3, da malaman Attaura yake, mutanen da suka ga aikin Allah da idonsu suka ce na Ba'alzabul ne, da gangan, ba tare da ko ɗar a ransu ba. Wadda take farkawa ƙarfe uku tana tsoron kar Allah ya bar ta, ta hau dutse ta kwana uku tana nemansa, ba ita ake nufi ba. Ki gaya wa ƙawar taki cikin ladabi ta daina faɗa wa mutane wannan maganar, tana iya kashe wani.

Inda nake so mu zauna sosai shi ne wannan da kika ce da can kina ji a jikinki Ubangiji na nan, yanzu ba kya ji, dan haka ba ya nan. Kin mayar da tsigar jiki ta zama mudun auna Allah, kuma ba laifinki ba ne, haka yawancin cocinmu suka koya mana ba tare da sun faɗa da baki ba. In an tashi daga addu'ar dare sai ki ji ana cewa yau Ruhu ya sauka, dalili kuwa mutane sun faɗi, an yi kuka, an yi harsuna. Ranar da aka yi sujada shiru kowa ya tafi gida da ƙafarsa sai a ce yau coci ya yi sanyi. Ni ba na raina kuka da rawa da tafi a gaban Allah, ko kaɗan. Dauda ya yi rawa da dukkan ƙarfinsa a gaban akwatin alkawari, wadda ta raina shi ta taga ita ce Littafi ya nuna ta yi kuskure. Allah ne ya halicci hawaye da tsigar jiki, kuma yana taɓa mutum ta nan, hawayen da kika zubar kina 'yar 15 na gaskiya ne kar ki bari kowa ya ce miki ƙarya ne. Amma ki je filin Baba Yara ranar da Kotoko ta ci ƙwallo a minti na ƙarshe, za ki ga ƙarti suna kuka suna rungumar wanda ba su sani ba, tsigar jikinsu a tashe. Ganga da kibod da taron jama'a da ƙarfe biyun dare suna da nasu aikin a jikin ɗan adam. Dan haka jin nan kyauta ce mai daɗi in ta zo, sai dai ba ta isa shaida ba, zuwanta bai tabbatar da komai ba, rashinta ma haka. A misalin mai shuka, irin da ya faɗa kan dutse shi ne wanda ya karɓi magana nan da nan da murna, rana na fitowa ya bushe dan ba saiwa.

Ki duba Zabura. Guda 150 ne, kuma wajen kashi ɗaya cikin uku kuka ne da ƙorafi. Ta 13 da har yaushe ta fara, har yaushe za ka manta da ni, har yaushe za ka ɓoye min fuskarka. Ta 42 mai rubutun yana tuna yadda da can yake jan jama'a zuwa Haikali da waƙa da murna, yanzu ransa ya karai, ɗan kwaya ne kamar ki. Ta 88 kuwa ita ce nake so ki karanta daren yau, dan sauran ko sun fara da kuka sukan ƙare da yabo, ita kam da duhu ta fara da duhu ta ƙare, ba ta juyo ba. Kuma Allah ya yarda aka bar ta a cikin Littafinsa, aka rera ta a sujada. Abin lura shi ne mutumin da ya ce duhu ne kaɗai ya rage masa, da wa yake magana tun daga ayar farko? Da Allah, yana kiransa Allah mai cetona. Mada Teresa ta Kalkata, wadda duniya ta sani da ɗaukar marasa lafiya daga bakin titi, sai bayan rasuwarta a 1997 wasiƙunta suka fito a 2007 aka gane ta yi kusan shekara 50 tana fama da irin shirun nan, tana tashi da asuba tana addu'a tana wanke raunukan mutane. Shi Yesu ma a kan gicciye da kalmomin Zabura 22 ya yi kira, Allahna Allahna don me ka yashe ni, a daidai lokacin da yake cikin tsakiyar nufin Ubansa.

Game da munafunci, bari na tambaye ki. A wata biyar ɗin nan, daren da mama ta ɓata shimfiɗa ƙarfe ukun dare, kika tashi ido na yaji kika ɗora ruwa a kan murhun gawayi, kika goge mata jiki kika canza zani kika wanke na da a bokiti kafin gari ya waye dan kar 'yan gida su gani ta ji kunya, me kike ji a lokacin? Nasan ba daɗi ba ne. Ƙila gajiya, ƙila ma haushi ya ɗan taso miki kika ji kunyar kanki daga baya. To wannan daren munafunci kika yi mata? Ai babu daren da kika ƙaunace ta kamar wannan. Munafuki shi ne mai nuna abin da bai yarda da shi ba dan a yaba masa. Ke kin yarda da kalmomin da kike rerawa, jin su ne ba kya yi, kuma kina tashi ki yi wanka ki hau trotro, motar haya, ki je duk da haka. Abin da kawai zan hana ki shi ne ƙirƙirar hawaye ko faɗuwa dan a ga kina cikin Ruhu, wannan kam kar ki fara. In tsayuwa a gaba da makirfo ta yi miki nauyi ki gaya wa shugaban kwaya gaskiya, ki ce ina cikin makoki zan koma layin baya na ɗan lokaci, ba abin kunya ba ne.

Jibin Ubangiji kuma ki koma. Ba lada ba ne da ake ba wanda zuciyarsa ta yi zafi a ranar, abinci ne, kuma mai yunwa ake ba abinci. Waɗanda suka ci na farko a daren nan, ɗaya zai yi musun sa sau uku kafin zakara ya yi cara, sauran za su watse, ya sani kuma ya gutsuttsura ya ba su. In ba ki da abin faɗa ki ɗauki maganar uban yaron nan na Markus 9:24, na ba da gaskiya, ka taimake ni a kan rashin bangaskiyata. In ita ma ta gagara ki yi shiru, Romawa 8:26 ta ce lokacin da ba mu san yadda za mu yi addu'a ba Ruhu da kansa yake roƙo dominmu da nishin da ba ya faɗuwa da baki.

Yanzu maganar jiki, kuma dan Allah kar ki tsallake nan. Azumin ba ci ba sha ki ajiye shi tukuna. Dutse ba laifinsa, mutane da yawa sun hau Atwea sun sauko da albarka, amma ke a halin da kike ciki yunwa ƙara miki duhun take yi. Ki karanta 1 Sarakuna 19. Iliya, annabin da ya kira wuta daga sama a Dutsen Karmel, bayan wannan babbar nasarar ya gudu jeji ya kwanta a gindin wani ɗan itace ya ce ya isa, Ubangiji ɗauki raina. Allah bai ce masa ƙara azumi ba, bai ce ina wutar jiya ba. Mala'ika ya aiko ya taɓa shi ya ce tashi ka ci, ga gurasa ga tulun ruwa, ya ci ya koma barci, aka sake tashinsa ya sake ci, sai bayan haka aka yi maganar tafiya. Da ya isa Horeb kuma, iska mai fasa duwatsu ta wuce, girgizar ƙasa ta wuce, wuta ta wuce, Ubangiji ba ya cikinsu, sai a wata 'yar murya siririya. Ki ci tuwo 'yata, ki sha ruwa, ki kwanta da wuri ki ajiye waya.

Kuma abubuwan da kika lissafa, farkawa ƙarfe uku, rama, kasa taɓa keken ɗinkin da kike so, rashin jin daɗin komai, likitoci suna cewa in irin waɗannan sun wuce sati biyu kusan kullum a duba ko ciwon damuwa ne, ke kuwa wata takwas. Ciwo ne kamar hawan jini, yana da magani, kuma ba hauka ba ne ba kuma aljani ba. Ki ɗauki katin inshorarki ki je asibiti, a Gee, wato babban asibitin Komfo Anokye na nan Kumasi, akwai sashen masu duba lafiyar ƙwaƙwalwa, asibitocin gwamnati na unguwanni ma za su iya tura ki wurin nas ɗin da aikinta ke nan. Ki ce a auna jininki ma, dan ƙarancin jini kaɗai kan sa mace ta ji duniya ta fita ranta. Ki faɗa musu komai yadda kika faɗa min. Zan kuma tambaye ki kai tsaye dan uwa ba ta kunyar wannan tambayar: tunanin ki bi mama, ko ki yi wa kanki wani abu, yana zuwa miki? In yana zuwa kar ki kwana da shi ke kaɗai, yau ɗin nan ki faɗa wa wani babba da kika yarda da shi ku tafi asibiti tare, in dare ne ki kira 112. Kar tsoron 'yan sanda ya hana ki, tun 2023 majalisa ta cire yunƙurin kashe kai daga cikin laifuka a Ghana.

Kukan kuma kar ki matsa masa, ba a yi masa oda. Ki dai buɗe masa hanya. Ki nemi mace guda ɗaya, goggonki ko matar fasto ko wata tsohuwa a gidanku wadda ta iya zama shiru, ki ce mata ina so na yi zancen mamana, ba wa'azi nake so ba. Ki faɗa mata yadda take murɗa tuwo, abin da take kiranki in ta yi fushi, maganar ƙarshe da kuka yi. Ƙannenki ma ina zargin suna kallon fuskarki ne suna danne nasu, ranar da suka ga yayarsu ta yi kuka su ma za su samu izini. In kina jin haushin Allah dan kin roƙa bai tashe ta ba, ki faɗa masa haka da bakinki kamar yadda Maryamu ta faɗa, ya riga ya sani ai. Dattijon nan kuma ba sai kin je kin yi masa fito-na-fito ba, in kin samu ƙarfi nan gaba ki same shi a gefe ki ce Baba maganar ran nan ta yi min nauyi, ko dan kar ya sake faɗa wa wata marainiya.

Nasan akwatin zannuwan mama na nan ba ki buɗe ba tun da kuka dawo, haka duk muke yi. Ki zaɓi rana wadda ba ki da kwastoma, ki kira matar nan ta zauna kusa da ke, ki buɗe. Ki ɗauki wanda ta fi ɗaurawa zuwa coci, ke tela ce, in hannunki ya yarda ki yanka wa kanki riga da shi, in bai yarda ba ki ninke ki mayar, wata ranar ma rana ce. Bayan kin je asibiti ki sake rubuto min ki faɗa min abin da suka ce, ki kuma faɗa min wace waƙa ce mama ta fi so, ina so na sani.